Marubuci Daban, Tauraronsa Daban: Gurguwar Fahimtar da Ake Yi wa Masu Ƙaga Labari

Gabatarwa

A duk inda aka gayyato marubucin ƙagaggun labarai ya zauna da masu karatunsa, akwai tambayoyin da da wuya a tashi ba a yi su ba. Wani zai miƙe ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wannan labarin ba a kanka ya faru ba?" Wata kuma ta ce, "Hajiya, kishiyar nan ta cikin littafinki, da wa kike?" Idan kuwa littafin ya taɓo sata ko tsafi ko zaman bariki, ba a ma yin tambayar a gaban marubucin. Sai ya juya baya a ce ai ruwa ba ya tsami banza, wanda bai bi hanya ba ba zai kwatanta ta haka ba.

Waɗannan maganganu duk tushensu ɗaya ne. Mutumin da bai taɓa zama ya ƙagi labari ba yana wahalar yarda cewa ɗan Adam na iya suranta abu a zuciyarsa, ya ga launinsa, ya ji muryoyin mutanen da ke ciki, alhali abin bai taɓa faruwa ba. Saboda haka sai ya nemo wani dalilin da hankalinsa zai ɗauka: ko dai marubucin ya aikata abin, ko yana goyon bayansa, ko da wani yake, ko kuma yana da wata ɓoyayyiyar kafa da yake samun labari. Wannan maƙala za ta dubi inda wannan fahimta ta samo asali, musamman a wajen Bahaushe, da irin ɓarnar da ta yi, da abin da ya kamata ɗalibin adabi ya riƙe domin kada shi ma ya faɗa ramin. Na ce shi ma, domin kuskuren bai tsaya ga mutanen gari ba. Yana nan jibge cikin ayyukan jinga da kundayen digiri.

Tsakanin ƙaga da ƙage

Mu fara da harshen kansa. Sunan da manazarta suka ba wannan reshe na adabi shi ne ƙagaggen labari, daga aikatau "ƙaga", wato a samar da abin da a da babu shi. To amma daga wannan saiwa ce kalmar "ƙage" ta tsiro, wadda ke nufin a laƙa wa mutum laifin da bai yi ba. Ke nan tun daga suna, sana'ar marubuci tana maƙwabtaka da ƙarya da sharri a kunnen Bahaushe.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san labarin da ba na gaske ba. Ya san shi sarai, har ya gina masa shinge. Tatsuniya tana da lokacinta, wato dare. Tana da masu yin ta, galibi tsofaffin mata da yara. Tana da ƙofar shiga, "ga ta nan, ga ta nanku", tana da ta fita, "ƙurunƙus", kuma mai yin ta yakan ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Wato an ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, mai tatsuniya ya fita da hannunsa wanke. Babu yaron da zai zargi kakarsa da maita don ta ba shi labarin Dodo, domin shingen ya riga ya gaya masa cewa an bar duniyar gaske.

Rubutu kuwa wani matsayi gare shi daban. Shekaru ɗaruruwa abin da Bahaushe ya sani a takarda shi ne Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da tarihi da waƙoƙin wa'azi da wasiƙun sarakuna. Abin da aka rubuta abin dogaro ne, shi ya sa har gobe ake kashe gardama da cewa "a littafi na gani". Da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa a 1933 yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, babbar wahalar da ya ce ya sha ita ce shawo kansu su yarda cewa labarin da ba wa'azi ba, ba tarihi ba, ya cancanci a ɓata masa tawada. A ganinsu wannan aikin mata ne da yara. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin lura shi ne, an ɗauko abin da ke cikin shingen tatsuniya an zuba shi a mazubin da jama'a suka saba ganin gaskiya zalla a ciki, kuma ba a taho da shingen ba. Littafi ba ya cewa "ga ta nan". Ƙari a kan haka, da baƙaƙen boko aka rubuta su, kalmar da Paul Newman ya nuna a 2013 cewa ba daga Ingilishi aka aro ta ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar algus ko abin da ba na ainihi ba. Sai marubuci ya zamana gaba kura baya sayaki. In an gaskata shi, a ce asirin kansa ko na wani ya tona. In ba a gaskata shi ba, a ce maƙaryaci ne mai ɓata wa yara lokaci.

Akwai kuma wani horo da kunnen Bahaushe ya samu daga waƙar baka. Makaɗin fada idan zai yi zambo ko habaici ba ya kama suna. Zai siffanta tafiyar mutum ko rowarsa ko rawaninsa, 'yan fada kuma su dubi juna, kowa ya gane ɗan sarkin da ake nufi. Mai sauraro ya koyi cewa bayan kowace siffa akwai mutum mai rai, kuma gwaninta ita ce a gano shi. Don haka matar da ta tambayi marubuciya "da wa kike?" ba wauta ta yi ba. Ma'aunin da ya yi mata aiki a wani fage ta ɗauko ta kawo fagen da ba nasa ba.

Daga ina labari ke fitowa?

Amsar da marubuta suka fi bayarwa ita ce daga ko'ina, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai amsar ba ta ƙosar da mai tambaya. Gara mu dubi ayyukan da muka sani.

Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912, yana malamin makaranta a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar, bai fi 'yan shekaru da haura ashirin ba. A littafin, wani dattijon malami ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa da bakinsa: yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya ƙetare Sahara a hannun wani Balarabe, yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, da yadda guguwar rairayi ta binne ayari. Marubucin ba a taɓa sace shi ba, ba a taɓa sayar da shi ba, kuma bai tsufa ba balle ya san yadda tsoho ke waiwayen ƙuruciyarsa. Abin da yake da shi shi ne ya tashi cikin al'ummar da tsofaffinta suka ga zamanin hari da cinikin bayi da idonsu, ya ji hirar fatake, ya yi karatu. Sauran aikin zuciyarsa ce ta yi. Ita ta ɗauki guntayen nan ta tambayi kanta: da ni ne yaron, me zan ji a daren farko? Da ni ce uwar, me zai hana ni komawa gida? Wannan tambaya ta "da ni ne" ita ce jarin mai ƙaga labari, kuma ba ta bukatar mutum ya taɓa zama abin da yake tambaya a kai.

Irin haka ta faru a Amurka. Stephen Crane ya fitar da littafinsa The Red Badge of Courage a 1895, a kan wani saurayin soja a yaƙin basasar ƙasar. Yadda ya kwatanta tsoro da ruɗewar fagen fama ya sa masu karatu da yawa suka ɗauka tsohon soja ne. Alhali an gama yaƙin a 1865, shi kuwa sai a 1871 aka haife shi. Daga karance-karance da hirar waɗanda suka je ya gina abinsa.

Wani lokaci ma kayan ginin daga wasu littattafai ake ɗebo su. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, yana cike da labaran da asalinsu ke cikin Alfu Laila wa Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, kamar yadda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigi ya nuna. A nan sai wata gurguwar fahimtar ta ɓullo ta ɗaya gefen, a ce ashe Abubakar Imam kwafa ya yi. Wanda ya faɗi haka bai gwada ba ne. Ya ɗauki labarin Bajamushe ya mayar da shi fadar sarkin Hausa, ya sa wa mutanen ciki bakin da za a rantse a Katsina ko Zariya aka haife su, ya saƙa shi cikin hirar aku da ɗan sarki ta yadda ba za a ga ɗinkin ba, sannan ya dawo mu yi magana. Ƙirƙira ba ta nufin samar da abu daga babu, wannan sai Allah. Magini bai halicci ƙasa da ruwa ba, amma ba mai cewa ba shi ya yi soron ba.

To, shin rayuwar marubuci ba ta shiga littafinsa ke nan? Tana shiga mana. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sha faɗa a hirarrakin da aka yi da ita cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 yana ba da labarin Abu, yarinyar da aka raba da makaranta aka aurar da ita ga dattijo. Dangantakar a fili take. Amma ko a nan, Abu ba Balaraba ba ce. Marubuciyar ta san zafin abin daga jikinta, sai ta ƙera wa zafin wata yarinya, da wani uba, da wani miji, da wata makoma, ta zaɓi abin da za ta sa da wanda za ta bari domin labarin ya kai inda take so. Wanda ya karanta littafin a matsayin tarihin rayuwarta zai yi asara biyu: zai samu tarihin da ba daidai ba, kuma ba zai ga gwanintar zaɓen da aka yi ba.

Muryar wa muke ji?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne ɗalibi ya fi bukatar natsuwa. A kowane ƙagaggen labari akwai aƙalla mutum uku da bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai marubuci, mutum mai jini da tsoka wanda ke cin tuwo yana biyan kuɗin haya. Akwai mai ba da labari, wato muryar da ke magana a cikin littafin, wadda ita ma ƙirƙirarta aka yi. Akwai kuma taurari, waɗanda labarin ke gudana a kansu. Wayne Booth, a littafinsa na 1961 mai suna The Rhetoric of Fiction, ya ƙara da cewa mai ba da labari kansa yana iya zama wanda ba a sakin jiki da maganarsa, ko don maƙaryaci ne, ko don yaro ne, ko don son zuciya ya rufe masa ido, kuma marubuci da gangan yake yin haka domin mai karatu ya hango abin da muryar ba ta hango ba.

Ruwan Bagaja ya isa misali. Tauraron littafin sunansa Alhaji Imam, shi ke ba da labarin yawace-yawacensa da bakinsa, da irin damfara da ramuwar gayya da suka riƙa yi shi da Malam Zurƙe. Marubucin kuma sunansa Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta shi. Ga suna ya zo ɗaya, ga "na yi, na ce" daga farko har ƙarshe. Duk da haka ba wanda ya taɓa zuwa Katsina neman malamin makarantar nan ya biya mutanen da aka damfara. Dalili shi ne aljanu da abubuwan al'ajabi da ke cikin littafin sun tsaya a madadin shingen tatsuniya. Matsala takan taso ne idan labari ya yi kama da rayuwar yau da kullum, ya zamana a Fagge ko Sabon Gari yake faruwa, cikin motoci da makarantu irin waɗanda muka sani. A lokacin ne mai karatu ke manta cewa "na" ɗin cikin littafi ba na marubuci ba ne.

Akwai wata dabara da ta fi kowace jawo wa marubuta jidali, wato a shigar da tunanin tauraro cikin muryar mai ba da labari ba tare da an ce "ta ce a ranta" ba. Ga misalin da na ƙaga domin wannan darasi:

Larai ta tsaya bakin madafa tana kallon tukwanen da ba a wanke ba. Shekara tara! To me ta tsinta? Ashe dai aure kurkuku ne, duk macen da ta zauna cikinsa wawuya ce. Gobe war haka tana ɗakin uwarta.

Jimlar farko ta mai ba da labari ce. Daga "shekara tara" zuwa ƙarshe kuwa zuciyar Larai ce ke magana, ko da yake ba a buɗe baka an rufe ba, kuma ana ce mata "ta" maimakon "na". Ɗalibin harshe zai gane haka daga ƙananan kalmomin nan, "to" da "ashe" da "dai", da alamar motsin rai, da "gobe war haka" wadda ba ta da ma'ana sai daga inda Larai ke tsaye. Hausa tana da arzikin irin waɗannan kalmomi, ga su "wai" da "kai" da "oho" da "ina", kuma kusan kullum suna nuna cewa an bar bayani an shiga cikin ran wani. Yanzu a ce wani ya tsinci jimla ta huɗu ita kaɗai, ya karanta ta a gidan rediyo, ya ce ga abin da marubuciya wance ke koya wa 'ya'yanmu. Bai ƙara ko harafi ba, amma ya yi mata ƙage. Mai yiwuwa shafi goma a gaba Larai ta yi nadama, mai yiwuwa kuma littafin ya nuna tana da gaskiya a kan wannan auren nata ba a kan aure gaba ɗaya ba. Ba a sani sai an karanta duka.

Wannan ba zato ba ne, an yi shi a kotu. A 1857 gwamnatin Faransa ta gurfanar da Gustave Flaubert bisa zargin cin zarafin tarbiyya da addini saboda littafinsa Madame Bovary, labarin matar wani likitan ƙauye da ta gaji da aurenta ta shiga bin maza da cin bashi. Mai gabatar da ƙara, Ernest Pinard, ya riƙa tsamo wuraren da matar ke murna da ɓarnarta yana karantawa a matsayin ra'ayin marubucin, alhali da irin dabarar da muka gani a misalin Larai aka rubuta su. Lauyan Flaubert ya nemi a dubi littafin gaba ɗayansa, inda matar ta ƙare da shan guba bayan bashi ya yi mata katutu. A ranar 7 ga Fabrairu aka sallame shi, shari'ar kuma ta zame wa littafin talla.

Mu ma mun ga namu. Tun da littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1980, ake zarginsu da lalata tarbiyya. An zargi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da makamantansa da koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye, kamar dai kafin a buga su ba a taɓa jin yarinyar da ta gudu daga auren dole ba. Masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi doguwar muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 a kan darajar waɗannan littattafai, kuma wannan muhawara ce ta ilimi, kowa da hujjarsa. Abin da ya biyo baya ne ya wuce muhawara. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta shirya taron ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata, a 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, abin da ya jawo takaddama tsakaninta da ƙungiyoyin marubuta. A ganina mata marubuta ne suka fi ɗanɗana kuɗar irin wannan kallo. Namiji ya rubuta labarin ɗan fashi, a ce ya iya bincike. Mace ta rubuta labarin karuwa, a ce ina ta san wannan? Alhali wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne har ƙarshe, ya ga yadda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda macen bariki da yadda dukiyarsa ta salwanta daga baya, ba ya bukatar a gaya masa inda littafin ya dosa. Sunan littafin ma ya riga ya faɗa.

Ba ina cewa duk abin da aka rubuta da sunan ƙirƙira ya kuɓuta daga suka ba ne. Akwai littattafan da aka rubuta domin batsa kawai, akwai kuma marubutan da kan fake da labari su ci mutuncin mutumin da kowa ya gane. Marubuci shi ya zaɓi abin da zai nuna da tsawon lokacin da zai tsaya a kansa, don haka ana iya tuhumarsa. Sai dai tuhumar daga ginin littafin gaba ɗaya ake ɗauko ta: wa aka ba magana ta ƙarshe, me aka ƙawata, me aka muzanta, ina aka kai mai karatu. Ba a ɗauko ta daga bakin tauraro ɗaya a shafi ɗaya.

Marubuci a matsayin mai duba

Nau'i na ƙarshe ya fi ban mamaki, domin yabo ne da ya rikiɗe ya zama zargi. Idan ƙirƙira ta yi ƙarfi ƙwarai, sai jama'a su ce wannan ba aikin mutum ba ne shi kaɗai.

Abokan karatunmu na sashen Yarbanci sun san labarin D. O. Fagunwa, wanda littafinsa Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale ya fito a 1938, cike da mafarauta da aljanu da dodannin daji. Malamin makaranta ne, Kirista. Da ya faɗa kogi kusa da Bida ya rasu a watan Disamba na 1963, sai labari ya bazu cewa ba a ga gawarsa ba, wai halittun da yake rubutu a kansu ne suka ɗauke shi. Iyalinsa sun sha bayyana cewa an tsamo gawar, an kuma binne shi a garinsu Oke-Igbo, amma jita-jitar ta fi gaskiyar daɗin faɗa, ta ci gaba da yawo. Mutane sun fi samun sauƙin yarda cewa yana hulɗa da aljanu a kan su yarda cewa daga tatsuniyoyin Yarbawa da karatunsa da kansa ya fito da su.

Na Chinua Achebe ya fi haɗari. Littafinsa A Man of the People, labarin wani minista mai handama a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, ya ƙare ne da sojoji sun ƙwace mulki. Littafin ya fito a watan Janairu na 1966, daidai lokacin juyin mulkin 15 ga wata, wanda a cikinsa aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar da muka ambata. Sai wasu suka ce ba yadda za a yi mutum ya rubuta haka in ba da shi aka ƙulla ba. Da al'amura suka ƙara dagulewa a wannan shekara, sojoji suka je nemansa a gidan rediyon da yake aiki a Legas, dole ya kwashi iyalinsa ya koma Gabas. Amma wanda ya san yadda ake buga littafi ya san cewa rubutun ya bar hannun marubuci watanni da yawa kafin ya isa kasuwa. Kuma ba sai da duba ba: sojoji sun karɓi mulki a Sudan a 1958, an kashe Shugaba Olympio na Togo a 1963, rikicin zaɓen 1964 da na Jihar Yamma a 1965 kowa ya gan su. Achebe ya dubi abin da kowa ke gani, ya tambayi kansa inda hanyar za ta ɓulle, ya bi ta a takarda har ƙarshenta.

Abin da ya rage ga ɗalibi

Yawancin kundayenmu na nazarin ƙagaggun labarai sukan ware babi guda na tarihin marubuci: haihuwarsa, karatunsa, aurensa, yawan 'ya'yansa. Ba laifi ba ne, yana taimakawa wajen sanin zamani da muhallin da aikin ya fito. Laifin shi ne a mayar da babin mabuɗin kowane abu, a ce tauraruwa ta yi yaji domin marubuciyar ma an taɓa sakinta, ko a je hira da marubuci a tambaye shi jigon littafinsa a rubuta amsar a matsayin sakamakon bincike. Marubuci shaida ne guda ɗaya a kan littafinsa, kuma sau da yawa abin da ya yi niyya daban, abin da ya fito a takarda daban.

Gyaran yana farawa ne daga ginin jimlarmu. Kada a rubuta "Abubakar Imam ya ce" alhali Malam Zurƙe ne ya faɗa. A rubuta "Zurƙe ya ce", ko "mai ba da labari ya nuna", a adana sunan marubuci sai inda ake maganar zaɓin da ya yi na zubi da tsari da salo. Mai son ya gwada kansa ya ɗauki babin farko na Ruwan Bagaja da fensir. Ya ja layi a inda muryar da ta gabatar da Koje Sarkin Labari ta tsaya, ya ja wani a inda Alhaji Imam ya karɓi zancen, sannan duk inda Alhaji Imam ya kawo maganar wani, ya rubuta a gefe ko wane ne, da kuma dalilin da zai sa a yarda da yadda Alhaji Imam ya ruwaito ta ko a yi shakka. In ya gama, ya yi wa shafi biyar na kowane littafin soyayya da ke hannunsa irin wannan aiki, ya zagaye duk "ashe" da "wai" da "dai" da ya tarar a wajen alamar zance, ya rubuta sunan mai su.